Kunyoyin Gonar Baba

Tahira tana da shekara goma sha uku lokacin da mahaifinta, Malam Zubair, ya kama ta a bayan rumbu riƙe da akuyar yumɓu. A ƙauyensu da ke kusa da Dawakin Tofa sana'ar mata ginin tukwane ce, ita kuwa sai ta tsince ragowar yumɓun gwaggonta Hure ta ƙera abin da ya zo mata a rai.

"Mutum-mutumi a gidana?" in ji shi. Ya sa ta gaba har zauren Malam Sha'aban, limamin ƙauyen.

Liman ya daɗe yana jujjuya akuyar a hannunsa. Can ya ce, "Gaskiya ne malamai sun yi magana a kan surar abu mai rai. Amma Malam Zubair, dubi hannun yarinyar nan. Ba a hana ta surar itace ba, ba a hana ta gona ko rumbu ba. Kada ka kashe mata baiwar da Allah Ya ba ta."

Suka koma gida. Ran kasuwa uban ya dawo da littafin zane da fensir, ya ajiye mata a kan tabarma.

Daga nan Gwaggo Hure ta ɗauke ta da gaske. Ta koya mata cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi, da yadda ake gasa shi ba tare da ya tsage ba. Fenti ya yi musu tsada, don haka suka riƙa haɗa jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi. Da waɗannan launuka ta yi zanen da ya sa aka ɗauke ta a sashen zane na wata kwalejin ilimi a Kano.

Bayan ta gama aka baje ayyukanta a birni: ƙananan rumbuna na gasasshen yumɓu, da zanen gonakin shinkafar madatsar ruwa ta Watari a kan ƙyalle. Malam Zubair ya zo cikin babbar rigarsa ta Juma'a. Ya wuce kowane aiki, sai da ya iso zanen gonarsa ya tsaya cak.

"Tahira, zo nan. Wa ya yi miki wannan huɗar?"

"Ni na zana, Baba."

"Kunyoyin sun matse da yawa. Gero ba zai yi a haka ba."

Mutanen da ke kusa suka kwashe da dariya, shi kuwa ko gezau. Ya matsa ya nuna da yatsa. "Amma ɗorawar nan ita ce. Har reshen da iska ta karya kin sa."

Sai ta ga yana goge ido da hannun riga. Ta durƙusa a gaban jama'a ta ce, "Na gode, Baba. Allah Ya saka da alheri."

"Tashi, kada ki ɓata kayanki," in ji shi. "In damina ta faɗi ki zo gonar ki ƙara dubawa."