Katifar Ɗakin Ƙurya

Auta tana cikin mota, ta taso daga garin da ta je jinyar 'yarta, wayarta ta yi ƙara. 'Yar baƙon da ya sauka a ɗakin ƙurya ce. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce mahaifinta ya kasa tashi daga kan gado da safen nan, sai da ta roƙi wani mutum a waje suka cicciɓe shi. Ta ce in wannan ramin shi ne katifar da aka yi musu alkawari, to ita da Auta sai a gaban Allah. Ta kashe wayar.

Gidan na gado ne. Da mahaifinsu ya rasu ya bar wa Auta da yayanta bene mai ɗaki huɗu a bayan babban asibiti. Auta ce ta kawo shawarar a mayar da shi masaukin baƙi masu kwana biyu ko mako ɗaya su wuce, yawancinsu masu zuwa ganin likita ne da 'yan rakiyarsu. Yaya ya ce to, ya sa albarka, daga nan ba a ƙara ganin ƙafarsa ba sai ƙarshen wata. Fenti, famfo, labule, wankin zannuwan gado, duk a wuyanta suke.

Amma abin da ta fi zuba wa rai shi ne katifa. Ranar da za ta saya sai da mijinta ya fita daga shagon don kunya, saboda ta cire takalmi ta bi katifun ɗaya bayan ɗaya tana kwanciya. Ta yi rigingine, ta juya gefe, ta zauna a bakin kowace ta ga ko zai lotsa. Mai laushin da ke haɗiye mutum ta ƙi, mai taurin dutse ta ƙi. Ta zaɓi masu tsaka-tsakin tauri waɗanda ke riƙe ƙugu, ta ɗinka wa kowace riga mai hana ruwa shiga, mai zif. Duk wata sai ta juya su, kai ya koma ƙafa, in rana ta yi kyau ta sa a hau da su saman bene su sha iska. A manhajar da baƙi ke kama ɗaki, kusan duk wanda ya yi sharhi sai ya ambaci barcin da ya yi.

Wannan baƙon kuwa ba kamar sauran ba ne. Tsohon direban babbar mota ne, an yi masa aiki a ƙashin baya, ya dawo likita ya duba shi. Kafin 'yarsa ta kama ɗakin sai da ta yi ta tambaya a kan gadon, har Auta ta ɗauki bidiyo tana danna katifar da gwiwar hannu ta aika mata. Bayan haka ne ciwon 'yar Auta ya tashi, ta bar wa Yaya mabuɗan, ta roƙe shi ya karɓi baƙin in sun iso.

Ba ta biya gida ba, da jakarta ta hau benen. Ta tarar da tsohon a ƙasa, an ninka masa bargo a kan darduma, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. 'Yarsa tana cusa kaya a akwati, ba ta ko ɗago ba. Shi ne ya amsa sallamar. Ya ce shi ya kwana a ƙarƙashin mota, ya kwana a kan buhuna, amma bai taɓa kwanciyar da ta karya shi kamar ta jiya ba. Ya faɗa ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin hanya, kuma hakan ya fi yi wa Auta ciwo.

Ta zauna a kan gadon. Ta nutse har ta ji katakon ƙasa a jikinta.

Ranta ya ɓaci nan take, ta lalubo lambar mai katifa, tana shirin ce masa ya sayar mata da ruɓaɓɓen soso. Wayar na kunnenta ta yaye zanin gado da hannu ɗaya, ta ja zif. Abin da ya leƙo ba farar katifarta ba ce. Koriya ce mai furanni, ta koɗe, tsakiyarta ya zama kwari, ga taswirar fitsarin yara kashi-kashi, ga shatin dutsen guga a kusurwa. Ta san shatin. Matar Yaya ce ta yi shi shekarun baya, har aka daɗe ana tsokanarta da shi. Mai katifa yana ta cewa yana jin ta, ta katse kiran.

Ta duba ɗakin da ke kusa, can ma haka, wata tsohuwar ce ta 'ya'yan Yaya. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yadda aka yi aikin. An cusa su cikin rigunan da ta ɗinka, an ja zif har ƙarshe, an shimfiɗa zani an soke gefe tsaf. Mutumin da bai taɓa gyara gadonsa ba tun suna yara, ranar nan ya iya.

Ta dawo ta durƙusa ta ba tsohon haƙuri. Ta ce akwai ɗaki a gaba da katifarsa ke nan lafiya, su koma can, su zauna iya zamansu. 'Yarsa ta ce sun riga sun samu otal, kuma ba ta ƙara yarda da gadon da ta gani a waya. Auta ta kama masa kafaɗa ɗaya suka sauko da shi. Kowace matakala sai ya tsaya ya cije leɓe. Motar da ta ɗauke su tana tashi, Auta ta kama hanya.

Gidan Yaya ba nisa. Tun daga ƙofar falo ta ga ɗaya daga cikin katifunta. An jefar da ita a ƙasa tsirara, ba riga ba zani, yara uku suna tsalle a kai, an zubar da shayi a gefe ya yi mata jan tabo. Suka ruga suna kiran Gwaggo ta zo. Ba ta iya ko shafa kansu ba.

Yaya yana zaune yana kallon talabijin. Inna, mahaifiyarsu, wadda take zaune a wurinsa tun rasuwar Baba, tana kan kujerarta. Auta ta gaishe da Inna a taƙaice, ta juya ta tambaye shi ina ɗayar.

Bai musa ba, bai ma rage ƙarar talabijin ba. Ya ce tana ɗakinsa. Ya ce shi ma bayansa ciwo yake yi, ya daɗe yana fama, ba wanda ya tambaye shi. Baƙo kwana biyu zai yi ya tafi, shi kuwa shekara yake yi a kan tasa. Ya ce da ma ya yi niyyar gaya mata in ta dawo.

"Da ka yi niyyar gaya mini, Yaya, da ba ka ja zif ba," in ji ta.

Ya ce katifa ai katifa ce, mai jin barci ko a kan benci zai yi. Ya ce ta daina yi masa magana kamar ya shiga gidan wani, rabin benen nan nasa ne, har ma fiye da rabi in za a bi gaskiya, don haka katifa biyu cikin huɗu bai ci haƙƙin kowa ba.

Nan ta fashe. Ta ce rabin famfon da ya toshe ma nasa ne, me ya sa bai zo ya ɗauka ba? Rabin aman da ta goge, rabin zannuwan da ta wanke har hannunta ya tsage, duk nasa ne, suna nan tana ajiye masa. Ta gaya masa wanda ya kwantar a kan wannan ramin, mutum mai ɗinki a baya, wanda ya miƙa masa mabuɗi da hannunsa yana kallonsa yana dogara sanda. Ta ce ya gan shi, ya san abin da ke ƙarƙashin zanin, kuma ya yi masa sai da safe.

Yaya ya ce shi ba likita ba ne.

Inna ce ta sa baki. Ta ce Allah ya ba bawan Allah lafiya, amma ita abin da ba ta so shi ne wannan ɗaga murya. "Yanzu a kan soso kike tsaye a kan yayanki haka, Auta? Gaban 'ya'yansa?"

Auta ta kalle ta. Ta so ta ce ba a kan soso ba ne, amma ta san ko ta faɗa ba za a ji ba. Tun suna ƙanana haka ake yi, shi ya ɗauka, ita a ce ta yi haƙuri. Ta ce, "Inna, ki yafe mini, yau kam ba zan yi shiru ba."

Ta fita ta tsayar da mai motar ɗaukar kaya, ta dawo ta wuce ɗakin barcinsu kai tsaye. Matar Yaya tana tsaye a bakin ƙofa, Auta ta zaci za ta tare ta. Sai matar ta matsa, ta shiga da kanta ta yaye zanin gadon, ta ce ƙasa-ƙasa ita ta gaya masa tun ranar kada ya yi. Su biyu suka tayar da katifar a tsaye suka turo ta ta falo. Yaya ya miƙe yana cewa in ta fita da ita kada ta ƙara tako masa gida. Maƙwabta sun fara leƙowa. Auta ba ta tsaya ba. Katifar da ke falon kuwa ta duba ta, gefe ɗaya ya riga ya karye da tsalle, shayin ya shige ciki. Ta ce wannan ta bar masa, ita ba ta kwantar da baƙo a kan irinta.

Kafin yamma sharhin 'yar direban ya hau manhaja, da hoton koriyar katifar da tabonta. Ta rubuta cewa mai gidan tana nuna wata a waya ta shimfiɗa wata. Auta ta karanta a tsaye a saman bene, tana goge katifar da ta ƙwato. Ta fara rubuta amsa, ta goge. Me za ta ce wa duniya, yayana ne ya sace? Mutum biyu da suka kama ɗaki na makon gaba suka fasa.

Washegari ta ji an kwantar da tsohon a asibiti, ta je ta neme shi. 'Yarsa ta fito ta same ta a baranda, ta ce wurin aikin ya kumbura, likita ya ƙara musu kwanaki. Auta ta gaya mata abin da ya faru, ba ta ɓoye komai ba. Matar ta saurara har ƙarshe, ta ce ta ji, amma ita ba da yayan Auta ta yi magana ba, da Auta ta yi. Ba ta bari ta shiga ba, kuma ba ta cire sharhin ba.

Auta ta canza makullai a ranar. Yaya ya kai ƙara wurin Kawu, ƙanin mahaifinsu, aka zauna. Kawu ya fara da nasihar zumunci, Auta ta bar shi ya gama, sannan ta ce ita abu ɗaya ta zo da shi, a raba. Tunda rabi nasa ne, ya ɗauki ɗakunan gaba biyu ya yi yadda ya so, ita a bar mata na baya. Kawu ya yi ta lallashi, Inna ta yi kuka a waya, Auta ba ta motsa ba. Aka raba. Ta kwashe katifunta masu kyau ta mayar baya, ta jawo tsofaffin nasa ta jingine masa a ɗakunansa.

Yaya ya gwada saukar da baƙi da kansa. Ba su daɗe ba suka fara ƙwanƙwasa wa Auta ƙofa suna ƙorafin ciwon wuya, tana nuna musu lambarsa. Bai kai wata uku ba ya gaji, ya ba wani mai shagon magani ɗakunan ya mayar da su wurin ajiye kwalaye. Nata ɗakunan sun ɗauki lokaci kafin su farfaɗo, don duk mai neman wuri sai ya ci karo da hoton nan.

Wata safiya tana hawa da katifa saman bene, ita da matar da ke taya ta wanki, suka yi kiciɓis da Yaya a matakala, ya zo ganin mai maganin. Hanyar ba ta ɗaukar mutum biyu da katifa, dole ya manne da bango. Ya yi 'yar dariya, ya tambaye ta wai har yanzu fushi take yi.

"Har yanzu," in ji ta. Ta ce wa matar ta ɗaga nata gefen, suka wuce.