Sabulu a Haɓar Mai Aski

Mai aski yana da wata ɗabi'a da sana'a ta koya masa. Idan ya ɗora aska a haɓar mutum sai ya jefa masa tambaya, da yake kuma wanda ke ƙarƙashin aska ba ya motsa muƙamuƙi, sai ya amsa wa kansa. "Ya iyali? Lafiya lau, na sani. Motar ta gyaru? Ina fa, kanikawan zamani." Shekara goma sha biyar yana haka, har ya ɗauka hira yake yi da mutane, alhali shi ke kiɗansa, shi ke rawarsa.

Ɗansa ya cika shekara huɗu, kalmomin bakinsa ba su kai ashirin ba, su ma ɗaya-ɗaya suke fita kamar ana cire ƙaya. A gida Ƙarami ake ce masa. A shago kuwa, inda yake wuni saboda uwarsa tana aiki a masaƙa, masu jiran aski sun laƙaba masa Malam Shiru, uban yana taya su dariya.

Gwaggon yaron, yayar mai aski, ita ke kai shi wurin likitar magana duk Litinin, wata uku ke nan. Ranar Asabar saƙo ya iske ta cewa ƙanenta ya ce an daina zuwa, ɓata lokaci ne. Ta bar wanki a cikin baho ta nufi shago.

Ta tarar da rediyo yana ihu, wani direba yana kan benci yana jira, yaron kuma yana ƙasa kusa da kwandon shara yana jera marafan kwalba. Uban yana tsaye a kansa.

"Ƙarami, me kake so? Ruwa ko? Ungo ruwa. Ka gode? Ya gode. Kai dai ba ka da matsala."

Yaron ya buɗe baki, ya rufe, ya karɓi kofi.

Gwaggo ta kashe rediyon. "Kai ne ka ce an daina zuwa?"

"Yaya, ko gaisuwa babu?"

"Gaisuwa ta mai hankali ce. Kai ne ka ce?"

"Ni ne. Wata uku ana yawo, me aka samo? Babu wanda ke yi wa yaron nan magana kamar ni. Tun safe bakina bai huta ba. In magana ce maganin, da ya warke."

"Likita ta ce a tambaye shi abu ɗaya, a rufe baki, a ƙirga goma a zuci. Ka taɓa yi?"

"Goma? Yaya, ina da aiki."

"Ka taɓa kai uku?"

Direban ya sa baki yana dariya. "Ku bar Malam Shiru, Hajiya. Shiru ma magana ce."

Ta juya ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Ɗanka ne? In ka sake kiransa da sunan nan, da rabin gemu za ka koma tasha." Direban ya sami abin dubawa a wayarsa.

Sai ta nuna wa ƙanenta kujerar askin, wadda fatarta ta tsage soso ya leƙo. "Zauna."

"Ni? A gaban mutane?"

"Na goya ka a bayana kana fitsari, yau ne zan ji kunyar mutane? Zauna."

Ya zauna yana gunguni. Ta ɗaura masa ƙyallen a wuya, ta ja shi sosai, ta dama sabulu ta lafta masa daga kunne zuwa kunne. Ta buɗe askar ta ɗora a ƙasan haɓarsa.

"Ban taɓa yi wa kowa aski ba," in ji ta. "Hannuna kuma rawa yake don haushi. In ka motsa baki, kai ka so."

Shagon ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Yaron ya ɗago kai. Bai saba da jin shagon haka ba. Ya tashi da murfin kwalba a hannu ya zo gefen kujera yana kallon ubansa.

"Ƙarami," in ji gwaggo a hankali, "me ya sami Baba?"

Ba ta ƙara komai ba. Uban ya cika ya batse, amsa ta taho masa har maƙogwaro, ya ji sanyin ƙarfe ya haɗiye ta. Leɓen yaron yana motsi babu sauti. Gwaggo ta kai bakwai a zuciyarta, ta kai takwas.

"Fari," in ji yaron.

"Eh, Baba ya yi fari. Da me?"

Wannan karon sai da ta wuce goma, ta ci gaba da jira.

"Sabulu."

"Sabulu ne. Sabulu a fuskar Baba."

Yaron ya dubi askar, ya dubi idon ubansa. Ya ɗora hannu a gwiwar uban. Babu wanda ya tambaye shi komai, shi da kansa ya fara magana.

"Baba, zafi?"

Gwaggo ta ɗaga askar kaɗan. "Amsa masa. Gajeriya. In ka yi wa'azi zan mayar."

"Babu zafi," in ji mai aski.

Yaron ya tsaya yana tauna maganar. "Babu zafi," ya maimaita. Ya koma wurin marafansa, hirarsa ta ƙare.

Gwaggo ta ninke askar ta jefa kan tebur. Fushinta bai sauka ba, ƙaruwa ma ya yi.

"Ka ji? Sau huɗu ya yi magana a cikin minti biyu. Kalmomin suna nan, hanya ce ba ka ba su. Duk Litinin likitar tana zama a tabarma tana jiran bakinsa, ya dawo nan kai ka tattake aikin cikin kwana shida, sannan ka ce magani bai ci ba. Ka bar ƙattai suna yi masa suna kana washe haƙora. Uba ke nan?"

Mai aski ya fizge ƙyallen ya goge fuska, ya bar sabulu a bayan kunne. "Kin tozarta ni a shagona."

"Na tozarta ka. Gara kai da shi."

Ya juya wajen yaron. "Ƙarami, kana jin yunwa? Kana..." Ya cije leɓe. Ya tsaya da ƙyalle a hannu, jijiyar wuyansa ta tashi, yana ƙirge da yatsu a jikin cinya. Goma ta cika, shiru.

"Kin gani? Ni ba ya amsa mini."

"Sau ɗaya ka gwada. Shekara huɗu ka yi kana koya masa cewa ba a jiransa."

Ya jefa ƙyallen kan kujera, ya yi wa direban alama ya zo ya zauna. Bai dubi yayarsa ba.

"Ƙarfe nawa ne ranar Litinin?"

"Tara."

"Ni zan kai shi. Ina so in ji daga bakin matar, ba daga naki ba."

"Ka je," in ji gwaggo, tana gyara mayafi. "Amma in ta yi tambaya, ka tabbatar da wa take kafin ka amsa."