Audugar Cikin Kwalba

Ni na koya wa Takwara cusa auduga cikin kwalbar maganinta. Ƙwayoyin suna ƙara in tana tafiya, kacau-kacau a jakar makaranta, 'yan ajinsu kuwa kunne gare su kamar na zomo. Tela ce ni, auduga ba ta yi mini wuya. Da wannan 'yar dabarar muka rufa wa kanmu asiri, ba wanda ya san 'yar yayata da cutar ƙanjamau aka haife ta, ba wanda ya san abin da ya kashe uwarta. Yarinya ta kai sha biyar, kumatu luhu-luhu, tana shan maganinta ba sai na ce uffan ba.

Sai masu taimako suka taimake mu.

Ranar karɓar maganinta ta faɗo kan jarrabawa. Akwai saura a kwalba, na ce ta je ta rubuta abinta, ma je wani satin. Na buga wayar asibitin har kunnena ya yi zafi, ba wanda ya ɗaga. Ashe ƙa'idarsu ce, yaron da bai zo ba a bi shi gida, wai kada ya ɓace musu. Kuma da me suka biyo ta? Da farar motar nan mai jan kirtani a jiki, wadda ko yaron goye ya san ta masu wane ciwo ce. Suka faka ta a ƙofar shagona. Wani saurayi ya fito da rigar aiki mai rubutu ɓaro-ɓaro, bai shigo ya tambaye ni ba, mai shagon kusa da ni ya nufa, a gaban mata masu sayen sabulu.

"Ina gidan su yarinyar nan, 'yar wajen tela? Ba ta zo karɓar magani ba."

Kafin la'asar har wanda bai fito daga ɗaki ba ya ji. Washegari ƙawarta da suke tafiya makaranta tun suna ƙanana ta wuce ƙofarmu kai a ƙasa. Maƙwabciyata, wadda na yi wa ɗinkin haihuwa uku, ta aiko a karɓo mata kofin da muka ara, da ya isa hannunta ta jefa shi a bola ina kallo.

Takwara ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Kwalbar ta ajiye mini a kan keken ɗinki.

"Inna, ki mayar musu kayansu. Ba sha, ba zuwa."

"Ke, kina da hankali? Kin san abin da barin maganin nan ya yi wa uwarki."

"Ita ai ba a yi mata shela ba."

Na lallasa, na yi faɗa, na haɗa ta da Allah. Sati ya wuce, wani ya bi shi, tari ya fara, kumatun suka soma zubewa. Na yafa mayafi na nufi asibitin.

Babban nasu yana zaune a ƙarƙashin fanka. Ya saurare ni yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri, ai don lafiyarta muka yi. In ba mu bi su ba, yaran nan ɓacewa suke."

"Ɓacewa? Tana ɗakin jarrabawa! Yanzu ne ta ɓace, ku kuka ɓatar da ita. Garin neman gira kun tsone ido. Kai in 'yarka ce, da wannan motar za ka je mata?"

Ya ce motar ke nan da suke da ita. Na ce ƙafa fa, ita ma guda ce? Ya ce in rage murya. Na ce ai ku ba ku rage taku a ƙofata ba. Ya ce maganinta yana nan, amma sai ta zo da kanta an ɗebi jini. Na fito ina tsine wa fankar da wanda ke ƙarƙashinta.

A bakin ƙofa wata tsohuwar nas ta tare ni, mai tabarau, wadda ta san Takwara tun tana yaye. Ba ta ba ni haƙuri ba, shi ya sa na tsaya. Ta ce, "Kina karɓar ɗinki ranar Asabar?"

Ta zo a ƙafa, da atamfa a leda, kamar kowace mai kawo ɗinki. Na sa Takwara ta auna ta. Tana zagaya mata tef a ƙugu nas ɗin ta ce a hankali, "'Yata, mun yi miki laifi, ba zan ce ba mu yi ba. Ki yi fushi da mu iya son ranki. Amma kada ki mutu don ki ba mu haushi, wallahi wasunmu ko sunanki ba za su tuna ba."

Takwara ta naɗe tef ɗin. Ta rubuta awon, ta shige ciki.

Ranar Litinin ina share shago ta fito da kayan makaranta, ta ɗauki kwalbar daga kan keke. Ta buɗe, ta zaro audugar da yatsa biyu, ta yar a cikin sharata. Ta haɗiye ƙwaya ɗaya ba ko ruwa.

"Me ya rage da za a ɓoye, Inna? In an tashi ki zo mu je su ɗebi jinin."

Ta fita ita kaɗai. Mai shago ya sunkuyar da kai, maƙwabciyata ta saki labule. Ina tsaye da tsintsiya a hannu, ina jin kwalbar tana kacau-kacau har ta sha kwana. Na gode wa Allah. Su masu taimakon kuwa ban yafe musu ba.