Jan Alli a Ƙofar Malam

"Haba, Shugabar Aji! Yau ma?" in ji Malam, yana zagaye amsata da jan alli.

Maƙwabcina ne, tsohon malamin Turanci. Ni kuwa tela ce, da furfurata na nace sai na koya, don jikata da ke nesa ba ta jin Hausa. Ƙofar ɗakinsa ce allonmu. Ya rubuta kalma biyu a sama, ni in rubuta jimla a ƙasa. Ni kaɗai ce ɗalibarsa, amma wai ni ce ta ƙarshe a aji. Kuma ba ya sauya kalmomi sai ya sa maka alamar daidai. Wallahi ba abin da nake so kamar alamar nan.

A kan kalmomin "bring" da "take" muka maƙale.

"Duba nan," ya ɗaga kofin shayinsa. "In abu zai zo inda nake, bring. In zai bar inda nake, take. Kuma kowacce sai da abin da ta riƙo, ba ta tafiya hannu rabbana."

"Malam, Bature bai da aikin yi ne? Ɗauka ai ɗauka ce."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Tarin nan bai sake shi ba.

Ran da 'yarsa ta ce sai asibiti, hankalina ya tashi. Na rasa abin yi, na ɗauki farin alli na rubuta: I will take Malam to hospital. I will bring Malam home. Na fita neman mota. Kafin in dawo da ita, har sun fito da shi bakin titi a kan kujera.

Bai dawo ba.

Bayan an watse daga gaisuwa, 'yar ta riƙo hannuna. "Inna, kin duba ƙofar kuwa? Da za mu wuce da shi cewa ya yi mu tsaya. Bai yarda mun motsa ba sai da ya karanta, ya ce a miƙo masa jan allinsa."

Na je na durƙusa. Alama biyu ce, can ƙasa, daidai inda hannun mai zaune zai kai. Ta farko ta fito sosai. Ta biyun ta karkace, jelarta ta gangara har kusa da dokin ƙofa.