Mai Ƙwanƙwasa a Motar Kwaku Dua

"Sake tayarwa," in ji Masta Boadu.

Direban ya murɗa makulli, ya janye hannu da sauri kamar ya taɓa garwashi. Tsohuwar a-kori-kurar ta yi tari sau biyu, ta kama. Sai ƙarar ta fito daga ƙarƙashin bonet: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ta ɗauke, ta dawo.

Yaa Pokua tana tsaye a inuwar garejin cikin baƙin zanen takaba. Duk unguwar makanikai ta Suame bugun ƙarfe ake yi, amma wannan kaɗai take ji. Yau kwana talatin da takwas da rasuwar mijinta Kwaku Dua, mai motar. A rana ta tara ƙarar ta fara, mutane suka ce mamacin ne ke bugawa.

Jibi dangin mijin za su yi zaman arba'in su raba abin da ya bari. Gadon na ɗakin uwarsa ne, ba nata ba. Babban dangin, Opanin Kusi, ya yarda a bar mata motar saboda yara, da sharaɗi ɗaya: mamaci ya daina bugawa. In bai daina ba, za a miƙa ta ga masu yanka ƙarfe, sarin tumatirin da Yaa Pokua ke ɗaukowa daga Akomadan kuwa ya ƙare. An zuba giya kwalba biyu a kan tayoyin, an kira sunan Kwaku Dua, an roƙe shi ya kwanta. Fasto ma ya zo ya shafa wa sitiyari mai. Ƙarar ba ta saurari kowa ba.

"Masta, ni dai na faɗa, wannan ba ƙarfe ba ne," in ji direban, Kwasi Nti, yana leƙowa ta taga. "Haka yake buga mini ƙofa in na makara. Uku-uku. Yau ma don kunyar Maame Yaa Pokua na tuƙo ta."

"Kai da ko taya ba ka iya ɗaurewa daidai, yau kai ne likitan fatalwa? Ɗan taka totur."

Masta Boadu ya ɗauko dogon sukudireba, ya kafa tsininsa a jikin injin, ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido. Ya saurari ƙasa, ya matsa sama, ya koma gaba. Ya sa aka kashe, ya zaro sandar baƙin mai, ya murza man tsakanin yatsu yana duba shi a rana.

"Babu garin ƙarfe. Cikin injin lafiya yake. Da karanshaf ne, da ƙarar ta fi haka nauyi, kuma da ba ta yi muku wata guda tana gaisuwa ba."

Ya kwance fanbel, ya rataye shi a wuya. "Tayar."

Injin ya kama. Babu ƙwanƙwasa.

Kwasi Nti ya zaro ido. "Ya tafi?"

"Fatalwar taka da fanbel take aiki."

Makaniken ya sa hannu ya girgiza altaneta, ta motsa. Ya sunkuya da tocila, ya daɗe. Da ya ɗago, dariyar ta bar fuskarsa.

"Maame, matso ki gani."

Ta matso. Ya haska mata ƙarfen da ke riƙe da altanetar. Duk notocin wurin sun yi tsatsa da baƙin mai, ban da guda. Kansa fari ne tas yana sheƙi, kusurwoyinsa sun siɗe.

"Haƙoran wannan sun cinye tuntuni. In an ɗaure shi, sai ya kai yini ɗaya ko biyu, sannan ya fara saki. Kin ga yadda sifana ta goge masa kai? Ba aikin wata ɗaya ba ne." Ya dube ta. "Mijinki yakan buɗe bonet da safe?"

"Kullum. Tun kafin ya wanke baki." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Na ɗauka ruwa yake dubawa. Har nakan ce masa ya je ya kai wa iyayen motar gaisuwa ya aure ta, mu huta."

"Tun yaushe?"

"Tun ina goyon autarmu. Bana ta shiga aji ɗaya."

"Kwaku Dua, ɗan taurin kai!" Masta Boadu ya girgiza kai. "Shekaru yana ɗaure noti ɗaya kowace safiya, a kan aikin awa guda. Sau nawa ya zauna a bencin nan muna cin gasasshiyar ayaba, bai taɓa faɗa mini ba."

"To, Masta," in ji Kwasi Nti a hankali, "ba shi ne ke zuwa ba ke nan?"

"Ba zuwa yake ba. Daina zuwa ya yi."

A garejin maƙwabta wani yana ta dukan rim da guduma.

Aikin bai kai awa ba. Masta Boadu ya faɗaɗa ramin, ya yanka sababbin haƙora, ya ɗaura noti mafi kauri, ya mayar da fanbel. Aka tayar sau uku, aka kashe sau uku. Injin yana tafiya sumul.

"Ki gaya wa Opanin Kusi ya zo da kansa ya saurara," in ji shi yana goge hannu. "In kunnensa bai isa ba, zan ara masa sukudireba."

Kwasi Nti ya yi dariya, irin wadda bai yi ba tun ranar makoki. Ya buɗe mata ƙofa. "Maame, gobe da sassafe sai Akomadan. Kwando arba'in, in kina so."

"Mu fara biyawa gidan Opanin."

Suka hau titi. Ya kunna rediyo, ta ce ya kashe. Ya dube ta, ya kashe.

Motar ta tsira, ta san haka. Abin da ba ta gaya wa fasto ba, ba ta gaya wa dangi ba, shi ne kowace safiya ita ke sa a tayar da injin, ko da babu inda za a je. Takan tsaya a ƙofar ɗakin girki ta jira bugun nan uku, sannan ta ce, ƙasa-ƙasa, "Na ji ka."

A danjar farko Kwasi Nti ya kashe motar don tsimin mai. Wuta ta ba da hannu, ya murɗa makulli, injin ya kama sumul, babu bugu. Yaa Pokua ta buɗe baki, ta jira. Na baya suka fara hon.