Baƙin Zare a Diddigen Saje

Likita ya sa hantsaki ya jawo abin daga cikin diddigen, ya ɗaga shi wajen hasken taga. Zare ne baƙi, irin na ɗinkin maɓalli, bai wuce tsawon yatsa ba.

"Wa ya sa maka wannan a ƙafa, Baba?"

Saje bai kalli matarsa ba. Ya san inda take, can kusa da ƙofa kan kujerar roba, rungume da kwanon abincin da ba wanda ya buɗe.

"Ni na sa."

Tsohuwar dabara ce. Duk wanda ya taɓa tsere ko fareti ya san ta. In ƙafa ta yi bororo, sai a ƙona bakin allura, a huda ta nan a fito ta can, a bar zaren a ciki ya tsotse ruwan. Kafin gari ya waye fata ta kwanta, mutum ya zura takalmi ya ci gaba. Shekara goma sha biyu ya yi yana gudun yada-ƙanin-wani, tun ana kiransa Barewa, sannan ya yi ashirin da uku cikin kaki, kuma zare bai taɓa cin amanarsa ba. Amma a lokacin ba shi da ciwon suga.

Tun da suka yi aure bai sake huda wa kansa ba. Matarsa ke yi. Ta ɗora ƙafar a cinya, ta lashi bakin zaren, tana mita: "Kai dai da an raba hankali kana can kana gudu." Shi kuma ya sara mata daga kwance, ya ce, "An ji, Kwamanda." Haka suka yi mako biyar da suka wuce, ranar da ya wuni cikin sabon takalmin da autansu ya saya masa, wanda ya matse shi tun daga ƙofar gida amma ya ƙi faɗa.

Likita ya ajiye zaren a farantin ƙarfe. Yaro ne, ko furfura ɗaya babu.

"Ƙafar nan ta mutu har sama da idon sawu. In muka jira, za ta ja sauran jikin. Gobe da safe za mu cire daga ƙasan gwiwa, in ka sa hannu."

"Likita, na ci kofi tara da ita. Na ketare kogi da ita ana harbi. Kai minti biyar ka gan ta ka yanke mata hukunci?"

"Ba ni na yanke ba, Baba. Zaren nan ne."

Kwanon ya yi ƙara a hannun matarsa. Saje ya yi tari da ƙarfi don ya rufe.

Ƙafar ya riga ya sallama tun ranar da ya daina jin yatsunsa. Abin da ya rage masa ya tsare shi ne matar nan. Babbar 'yarsu, wadda kowa a gidan ke kira Yaya har da iyayen, tana tsaye a gindin gado da jaka a hammata. Shugabar makaranta ce, ta saba tsare mai laifi da ido har ya amsa. Bara, da uwar ta haɗa masa ƙwayar safe da ta yamma bisa kuskure, wata biyu Yaya ba ta taka gidan ba, gaisuwa ma sai ta bakin Auta. Wannan kan ƙwaya kenan. In ta ji hannun uwarta ne ya sa zaren da ya ci ƙafar ubanta, har kabari ba za ta yafe ba. Ita kuwa tsohuwar ba ta da ƙashin ɗaukar wannan.

Likita ya bar takarda da biro kan akwatin gefen gado ya fita. Auta na jingine da bango yana murza makullin mota.

"Wane takalmi ne ma ya yi maka bororon, Baba?"

"Tsohon but ɗina. Marmarinsa na yi."

"Kai, Baba! Ga sabo na saya maka."

"Sabon naka sai ka ce katifa. Na ajiye shi don ranar aurenka, in ka ga dama ka yi kafin in mutu."

Auta ya yi 'yar dariya, ya share ido da bayan hannu. Wannan ya wuce. Yaya ce ba ta motsa ba.

"Baba, kai ka zura zaren a allura?"

"Da wa zai zura?"

"Kai da ko lambar waya sai an karanta maka? Yanar idon nan taka, wata nawa muna roƙonka a cire?"

"Ke 'yar sanda ce?"

 Ta juya ta dubi uwarta, ta daɗe tana dubanta. Tsohuwar ta sunkuyar da kai tana gyara murfin kwanon da yake a rufe.

Yaya ta zuge jakarta. Ba abin da babu a jakar nan. Ta fito da ɗan kwali mai allurai, ta zare ɗaya, ta tsinko zare daga ƙaramin ƙulli, fari, ta miƙa masa.

"Zura in gani."

"Yaya, haba," in ji Auta. "A asibiti?"

"Kai yi mini shiru. Zura, Baba."

Ya karɓa. Allurar ma da ƙyar yake ganinta, wani siririn haske ne kawai tsakanin yatsu, balle hujinta.  Mutanen sauran gadajen sun zuba masa ido, har mai karyayyar cinya da ke nishi tun safe ya dakata yana kallo. Mutumin da aka taɓa ɗagawa sama a filin wasa, yau 'yar cikinsa ke masa jarrabawa a gaban baƙi, ƙafarsa na wari.

Bai kai zaren bakin hujin ba, ya san faɗuwa ce. Sai ya buɗe tafin hannun hagu, ya shimfiɗa zaren a kan tudun da ke ƙasan yatsa. Ya kwantar da gindin allurar a kai, ya danna, ya shiga gogawa gaba da baya da sauri-sauri. Wani kofur mai ido ɗaya ne ya koya masa a daji, lokacin da maɓalli ɗaya in ya ɓace sai mutum ya wuni yana tsallen kwaɗo. Ba a buƙatar ido. Zaren da kansa yake tattarewa ya kutsa cikin hujin.

Ya goga. Gumi ya jiƙa tafin, zaren ya manne. Ya share hannun a zanin gado ya sake. A karo na uku ya ji ɗan lanƙwasar zaren ta ɓullo ƙarƙashin babban yatsansa. Ya kama da farce, ya ja.

Ya miƙa mata allurar tana lilo a jikin zaren.

"Ga shi, Hedimasta. Maki nawa na ci?"

Mai karyayyar cinya ya ce, "Soja kenan!" Ba wanda ya taya shi.

Yaya ba ta tambayi yadda mutumin da bayansa ya ƙage, wanda ko igiyar takalmi sai an ɗaure masa, ya kai hannu diddigensa ba. Bai zo mata ba. Ta karɓi allurar, fuskarta ta canza, sai ga hawaye, sai ga faɗa.

"Ashe da gaske kai ne. Da hannunka! Mutum da iliminsa, da 'ya'yansa, asibiti na bayan gidanka, ka zauna kana ɗinke ƙafarka kamar buhu. Sau nawa aka ce maka mai suga ko farce ba ya yankewa da kansa? Taurin kan nan na bariki shi ya kai mu nan. Kullum lafiya lau, kullum ba komai. To ga ba komai nan a faranti."

Ya shanye faɗan. Shekarun da ya yi yana tashi da asuba ya raka ta makaranta a ƙafa, da ƙarin girman da ya ƙi karɓa don kada a ɗauke shi daga garin da suke karatu, duk ya haɗiye su tare da maganar. Abin da ya nema ya samu. Ya jawo takardar, Auta ya ɗora masa yatsa kan layin, ya sa hannu.

"Shi kenan," in ji Yaya tana share fuska. "Daga nan gidana za ka wuce. Mama ba ta iya da kai. Kana ɗaki ɗaya da ita ka yi wannan ɓarnar mako biyar ba ta sani ba."

"Ina da gida."

"Kana da gida mai matakala goma sha huɗu. Da wace ƙafar?"

"To mu taho tare da uwarki."

"Ɗakin ƙasa ɗaya ne, kuma ƙarami. Ita ma hutu take buƙata, dubi yadda ta koma. Auta zai riƙa kawo ta ranar da ba ya aiki."

Tsohuwar ta miƙe. Kwanon ya zame, ta tare shi da gwiwa.

"Yaya, tsaya ki ji. Zaren nan..."

"Ke!" Muryar fareti ce, wadda bai taɓa ɗaga mata ba cikin shekara arba'in da ɗaya. Har nas da ke shigowa ta tsaya cak. "Ana magana da 'ya'yana kina sa baki? Me kika sani a ciki? Zauna."

Tsohuwar ta dube shi. Ya ga inuwarta kawai, bai ga idon ba, kuma ya gode wa yanar da ta hana shi gani. Ta zauna a hankali.

"Ka gani ko?" Yaya ta ce wa Auta ƙasa-ƙasa. "Haka yake mata in ba ma nan."

Nas ta yaye zanin, ta auna yatsa huɗu daga gwiwa, ta ja layi da shuɗin alƙalami ta zagaye ƙaurin. Sanyin bakin alƙalamin ya ji, a wurin akwai sauran rai. Yaya ta fita baranda da waya a kunne, muryarta na shigowa ta taga. Mijinta take gaya wa a kwashe kwalayen da ke ɗakin ƙasa a share, a nemo mai gyaran ƙofa saboda keken guragu.

"A'a," ta ce. "Gado ɗaya ya isa."