Zanen Yaya da Takalmi Ɗaya

Cikin duk surutun malaminmu na zane, shawara ɗaya na riƙe: duk abin da ka zana, ka ɗauki hotonsa. Na riƙe ta kuwa har na wuce gona da iri. Ƙyallen zane biyu ne da ni tun da na gama makaranta. In zana, in ɗauka a waya, in shafe da farin fenti, in ɗora wani a kai. Wayata cike da ayyuka, ɗakina kuwa ƙyalle biyu da suka yi kauri kamar katako. A ganina wayo nake yi.

Hajiya mai gidan baje kolin zane tana shirya nunin sababbin masu zane, kuma wuri ɗaya ya rage mata a bango. Shekara biyu ina sintiri kafin ta ce in zauna. Ta karɓi wayata tana jan hotunan da ɗan yatsa, kamar mai tsince tsakuwa a wake. Can sai ta tsaya.

"Wannan wane ne?"

"Yayana ne, Hajiya. Direba ne. Ya dawo daga aiki barci ya kwashe shi a kujera."

A zanen, ya cire takalmi ɗaya, ɗayan yana ƙafarsa, baki a ɗan buɗe.

"Sauran duk aikin makaranta ne, 'yata. Wannan ne naki. Ki kawo min shi ranar Litinin, wurin ya zama naki."

Na ce to. Ban san me ya hana ni faɗa mata na riga na shafe shi ba.

A gida na lissafa da yatsu. Zane biyar na ɗora a kan Yaya: kwandon lemo, gada, mace da lema, wasu biyu ma na manta su. Na ɗauko reza na fara kankarewa daga gefe. Fentin ya manne ya zama abu guda, yana ɓantarowa gaba ɗaya har zare. Na ajiye rezar. Na yi zaton zan yi kuka, amma shiru, sai wata irin mutuwar jiki kamar na sha maganin mura.

Washegari na roƙi Yaya ya sake zama. Bawan Allah ya yi wanka, ya sha guga, har da turare.

"Yaya, barci za ka yi fa, ba ɗaurin aure za ka ba."

"To gwanar zane, ai dai mutane za su gan ni. Wace ƙafar zan cire?"

Ya rufe ido yana murmushi, kowane minti biyar sai ya buɗe ɗaya ya ce ya yi kyau? Na sallame shi, na jingina wayar da gwangwanin fenti, na shafe ƙyallen da na kankare ɗin na bi hoton layi-layi. Kwana uku ina yi. Komai ya zauna a wurinsa, kujerar, takalmin, har inuwar labule. Ina kallonsa ban ji daɗi ba, ban ji haushi ba.

Ranar Litinin Hajiya ta sa aka jingina shi da bango. Ta ja baya, ta matso, ta ce in ba ta wayar. Ta daɗe tana duban wannan tana duban wancan.

"Mutumin cikin waya ya gaji. Wannan kuwa kwanciya kawai ya yi. Wa kika sayar wa na asalin? In da hali mu aro shi."

"Ban sayar ba, Hajiya."

"To yana ina?"

Na nuna mata ƙyallen. "Yana ciki. Zane shida ne a kansa yanzu."

Ta sa babban yatsa ta shafa gefensa, inda fenti ya taru hawa-hawa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta miƙo min wayar da hannu biyu, ta ce Allah ya ba da haƙuri, kamar mai gaisuwar mutuwa. Sannan ta juya ta ce wa sakatarenta ya kira wani mai zanen dawakai, wuri ya samu.

Na rungumo ƙyallen na fito bakin titi. Mota uku ta wuce da wurin zama a ciki, ban ɗaga hannu ba.